Inda aka sa kaifi: muhawara kan sarar itace, yankan amfanin gona da tsaga dutse

Habibu Mai Lambu:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da tambaya ga masu ilimin itace. Bara na sa an rage wa mangwarona rassa bayan an gama tsinke 'ya'ya. Mai aikin ya sare manyan rassan daf da jikin bishiya, ya goge wurin sumul, ya shafa baƙin mai, ya ce don kada ruwa ya shiga. Yanzu wurin saran ya yi baƙi, in na danna da yatsa sai ya lotsa. Waɗanda ya bari da ɗan tsayi kuma sun bushe, gara ta shiga. To wanne ne daidai, a sare daf ko a bar kututture?

Hajiya Rabi Malamar Gona:
Wa'alaikumus salam Malam Habibu. Duka biyun ba daidai ba ne. Je ka duba duk wani reshe a inda ya haɗu da uwar bishiya. Za ka ga ɗan kumburi ya zagaye gindinsa, daga sama kuma ɓawon ya tattare ya yi layi. Wannan kumburin na uwar ne, ba na reshen ba, kuma daga nan ne sabon nama yake tasowa ya rufe miki. Wanda ya sare daf ya tafi da shi, ya buɗe wa ruɓa hanya har cikin gangar jikin. Wanda ya bar kututture kuma ya bar mataccen itacen da bishiyar ba za ta iya rufewa ba. Wurin yanka shi ne bayan kumburin kaɗan, ba tare da an taɓa shi ba.

Bishiya ba ta warkewa irin yadda fatarmu take warkewa. Abin da ya lalace ya lalace, sai dai ta killace shi ta ci gaba da girma a kewayensa. Alex Shigo, masanin da ya yi aiki da hukumar gandun daji ta Amurka, ya tsaga bishiyoyi masu ɗimbin yawa a tsaye don ya ga yadda ruɓa take tafiya a ciki, kuma a 1977 ya fitar da bayanin wannan killacewar. Daga aikinsa ne masana suka bar koyar da sara daf.

Baba Ɗanjuma:
'Yata, maganar kumburin na yarda, ido ma yana gani. Amma batun shafa abu a kan miki, a nan muka rabu. Ka bar ɗanyen itace a buɗe damina ta same shi? Tun muna yara ana toshewa, bishiyoyin kuma suna nan.

Hajiya Rabi Malamar Gona:
Baba, Allah ya ƙara girma. Bishiyoyin suna nan ne saboda ƙarfinsu, ba saboda abin da aka shafa ba. An gwada, an kwatanta mikin da aka shafa wa fenti ko kwalta da wanda aka bari, ba a ga shafawar ta hana ruɓa ba. Idan ta tsattsage ma, laima takan maƙale a ƙarƙashinta. Baƙin mai kuwa ya fi muni, don yana kashe ɗanyen naman da ke gefen mikin, wanda shi ake jira ya rufe.

Akwai inda ake rufewa, ban musa ba. In ka yi wa bishiya aure dole ka naɗe wurin don kada ya bushe kafin ya kama. Haka in aka rage ganye da yawa rana ta fara dukan ɓawon da ya saba da inuwa, ana shafa farar ƙasa a jikin ɓawon don kada ya ƙone. Wannan maganin rana ne, ba maganin miki ba.

Baba Ɗanjuma:
To, na ji. Ni dai a babban miki zuciyata ba ta kwanta ba.

Hajiya Rabi Malamar Gona:
Ai babban mikin shi ne matsalar, Baba. Reshen da ya kai kaurin cinya, ko an yanka shi daidai zai ɗauki shekaru bai rufe ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A cire reshen da ba a so tun yana kaurin yatsa, a huta.

Auwalu Mai Injin Zarto:
Bari in ƙara abu ɗaya da Hajiya ba ta faɗa ba, don shi nake gani kullum. Reshe mai nauyi ba a sare shi da yanka ɗaya daga sama. Kafin zarto ya fita nauyinsa zai karya shi, ya ja ɓawo ya ɗaye shi har ƙasa. Yanka uku ake yi. Na farko daga ƙasan reshen, kamar taƙi ɗaya daga gindinsa, a shiga kashi ɗaya cikin uku. Na biyu daga sama, gaba da na farkon kaɗan, har reshen ya faɗi. Ɗayewar tana zuwa kan yankan farko sai ta tsaya. Sannan a dawo a cire guntun da ya rage a bayan kumburin, a hankali, hannu ɗaya yana riƙe da shi.

Habibu Mai Lambu:
Na gode ƙwarai. Waɗanda suka riga suka ruɓe fa? In ƙwaƙule wurin?

Hajiya Rabi Malamar Gona:
Cire abin da ya yi laushi yana zuba da kansa kawai. Kada ka kankare har ka kai lafiyayyen itace, don za ka fasa shingen da bishiyar ta riga ta yi. Kututturan da aka bari kuma a dawo a yanke su daidai. Kuma kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ganyen bishiya a shekara guda.

Sagir Kafinta:
Ni abin da yake ba ni mamaki a maganar nan, sara ne yake kashe bishiya, amma kuma an ce da sara aka dawo da daji a wasu wurare. Yaya abin yake?

Malam Ilya Jami'in Daji:
Gaskiya ne Sagir, kuma shi ya sa nake ganin kalmar "a daina sare itace" ita kaɗai ba ta isa ba. Abin tambaya shi ne a ina aka sara, da wane irin kaifi, a wane lokaci.

Dubi abin da ya faru a yankin Maraɗi a Nijar. Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya, ya sha wahalar dasa itatuwa suna mutuwa. A 1983 ya lura cewa 'yan tsirran da ake sharewa a gonaki kowace shekara toho ne daga kututturan tsofaffin bishiyoyi, saiwarsu tana raye a ƙasa. Sai aka koma ga zaɓe: a kowane kututture a bar toho mafi ƙarfi, daga ɗaya zuwa biyar, a cire sauran, a rage ƙananan rassa zuwa rabin tsayin. Shi ne sassaben zamani. Saiwar da take ciyar da toho talatin ta koma ciyar da uku, sai su miƙe da saurin da dashe ba zai taɓa kamowa ba. Ana ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa kimanin miliyan 200 suka dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5. A 2018 aka ba shi lambar yabo ta Right Livelihood. Kayan aikin kuwa adda ce da wuƙa.

Amma akwai sharaɗi. Addar ta kasance mai kaifi, kuma a sara daga ƙasa zuwa sama. In ka saro daga sama, reshen yana tsagewa ya ja ɓawo.

Kishiyar wannan ita ce zagaye bishiya da sara a ɓawo. Abincin da ganye ya haɗa ta cikin ɓawo yake sauka zuwa saiwa. Ka yanke zoben nan gaba ɗaya, bishiyar za ta yi wata da watanni tana kore kamar ba abin da ya same ta, saiwa kuwa tana mutuwa da yunwa. Masu ɗiban ɓawo su ji wannan: a ɗiba a tsaye, gefe ɗaya, kada a zagaye.

Sagir Kafinta:
Amma na ji a Fotugal ana feɗe bishiya gaba ɗaya don yin murfin kwalba, kuma ba ta mutuwa.

Malam Ilya Jami'in Daji:
Haka ne, sai dai mataccen ɓawon waje kawai suke cirewa, ba sa taɓa rayayyen da ke ƙarƙashi. Ba a fara wa bishiyar sai ta kai kimanin shekara 25, sannan doka ta hana a sake sai bayan shekara 9. Da gatari ake yi, da hannu, kuma in mai aikin ya zarce ya ji wa na cikin, tabon ba ya gyaruwa. Irin wannan taka-tsantsan ne a tatsar roba. Henry Ridley, wanda ya shugabanci lambun tsirrai na Singafo daga 1888, shi ya yaɗa hanyar feraye ɓawo siriri-siriri maimakon sara mai zurfi. Mai tatsa yana tsayawa kimanin milimita 1 kafin ya kai naman da ke haifar da sabon ɓawo. A yau yankan yana gangarowa ne daga hagu a sama zuwa dama a ƙasa, domin hanyoyin ruwan robar a karkace suke, ta haka wuƙa ta fi ratsa su da yawa. Bishiya ɗaya sai a yi shekara ashirin da wani abu ana tatsarta. Mai gaggawa kuwa cikin 'yan shekaru zai mayar da jikinta ƙulu-ƙulu, ba wurin sa wuƙa.

Auwalu Mai Injin Zarto:
Tunda ana maganar sara, yallaɓai bari in yi magana kan kayar da bishiya, don a nan ake rasa rai. Mutane suna ɗauka zarto ne yake kayar da bishiya. A'a, abin da ka bari ba ka yanka ba shi yake juya ta. Ka fara buɗe baki a gefen da kake so ta faɗi, zurfinsa kamar kashi ɗaya cikin huɗu na kaurinta. Sai ka koma baya ka yanko, amma ka tsaya kafin ka haɗe da bakin, ka bar tsiri kamar kashi ɗaya cikin goma na kaurin. Wannan tsirin shi yake riƙe ta har ta kwanta inda ka nufa. Ka yanke shi, ta zama ba ta da linzami, duk inda iska ta so nan za ta.

Bishiyar da ta riga ta karkata ita ce mafi haɗari. In ka yanko ta baya kai tsaye, takan tsage a tsaye, gindin ya yi tsalle ya daki mai aikin. Kafin ka tayar da inji ka share hanyar gudu ta baya, a karkace, ba daidai bayan bishiyar ba. Kowa kuma ya yi nesa da ninki biyu na tsayinta. Sannan kada saman hancin zarton ya taɓa komai, nan ne injin yake harbowa fuska kafin ka ƙifta ido.

Malam Ilya Jami'in Daji:
Ko daji ma yana amfana da abin da Auwalu ya faɗa. A kurmi, bishiya ɗaya in ta faɗi ba tsari takan tafi da ƙanana masu yawa, musamman in kurangar daji ta ɗaure kanta da na maƙwabta. Shi ya sa masu aiki da tsari suke yanke kurangar watanni kafin sara, su kuma kayar da bishiyar ta fuskar hanyar da za a ja gungumen.

Sagir Kafinta:
Mu kuma a wajenmu yankan yana bin katako har cikin ɗaki. Gungume ɗaya, in aka yi masa yankan falle-falle daga gefe zuwa gefe, allunan gefe suna kwantsarewa in sun bushe. Dalili shi ne itace yana tsukewa ta bin zoben shekarunsa kusan ninki biyu na yadda yake tsukewa daga tsakiya zuwa waje. In aka raba gungumen huɗu aka yanka ta yadda zoben zai tsaya a miƙe a bakin allo, katakon ya fi zama lafiya, sai dai ɓarnar ta fi yawa kuma aikin ya fi cin lokaci. Ƙofar da take ƙin rufuwa da damina, sau da yawa tun wajen tsaga gungume aka ɓata ta.

Hajiya Rabi Malamar Gona:
Kada mu manta da gona. Rake ana yanka shi ne daf da ƙasa, saboda zaƙin ya fi taruwa a gaɓoɓin ƙasa, kuma gyauron da ya fito daga idon da ke cikin ƙasa ya fi kafa saiwa. Amma addar da take yankan ita ce kuma take yawo da cuta. Akwai ciwon da ke tsumburar da gyauron rake, a jikin kaifi yake bi daga gindi zuwa gindi. Haka ciwon da ke sa ayaba yaushi, wanda ya ɓulla a Yuganda a 2001 ya bazu a ƙasashen yankin, adda tana cikin manyan hanyoyin yaɗuwarsa. Maganin ba shi da wuya: a tsoma kaifin a ruwan bilic ko a gasa shi a wuta kafin a wuce wani gindin.

Irin rogo kuma a yanka shi santimita 20 zuwa 25, mai ido biyar zuwa bakwai, da sara ɗaya mai tsabta. Dakusasshiyar adda tana farfasa bakin, ta nan yake bushewa ko ya ruɓe.

Masu dabbobi kuma ku kula da gyauron dawa. Sabon tohon da ya fito bayan an yanke, musamman in fari ya taɓa shi, yana ɗauke da guba mai kashe saniya cikin ɗan lokaci. A bari ya kai kamar santimita 60 kafin a sake su ciki.

Nura Mai Tayil:
Duk wannan na masu rai ne. Dutse dai ba ya toho, ba ya ruɓa. Ka sa masa giranda ka wuce, ko ta ina ka yanka ɗaya ne.

Malam Isiyaku Mai Fasa Dutse:
Ƙanena, da ka taɓa tsaga dutse da hannu da ba ka faɗi haka ba. Dutse yana da hanya. Giranit ɗin da kake gani dunƙule guda, akwai fuskar da yake tsagewa cikin sauƙi, akwai ta biyu mai ɗan wuya, akwai ta uku da sai ka yi da gaske. Mu abin da muke yi, mu huda ramuka a jere a kan layin, a kowane rami mu sa ƙarafa biyu da na uku mai tsini a tsakaninsu. Sai a bi su da guduma ɗaya bayan ɗaya, bugu kaɗan-kaɗan, a je a dawo. Kunne ne yake aiki a nan. Da farko ƙarar tana fita tsiririya, tana ƙara tsini yayin da ƙarfen yake matsewa. Can sai ka ji ta sauya ta yi kauri, ka ga siririn layi ya haɗa ramukan. A lokacin sai ka dakata, ka ba shi ɗan lokaci, da kansa zai buɗe. Wanda ya zage ya yi ta dukan ƙarfe ɗaya, gefen ramin kawai zai ɓantare.

Dutsen da ya taru hawa-hawa kuwa, irin na yashi da na farar ƙasa, kamar littafi yake. In za ka sa shi a gini ka kwantar da shi yadda ya kwanta a ƙasa. Ka tsayar da shi shafukan suna kallon waje, ruwa zai shiga tsakaninsu ya riƙa ɓare shi falle-falle.

Nura Mai Tayil:
Na karɓa Malam. Amma ai yanzu nakiya ta sauƙaƙa komai.

Malam Isiyaku Mai Fasa Dutse:
In tsakuwa kake nema, nakiya daidai ce. In allon dutse kake so, ɓarna ce. Tana barin tsaga ƙanana da ido ba ya gani, sai an kai dutsen wajen gogewa ko an ɗora masa nauyi ya buɗe. Ƙona dutse da wuta a kwara masa ruwa ma haka yake yi. A Karara ta Italiya, inda ake haƙar farin mabul tun zamanin Rumawa, lokacin da suka koma fasa dutsen da albarushi sun yi asarar mai yawa, tarin ɓaraguzan yana nan a jikin duwatsun. Daga baya suka koma yanka da igiyar ƙarfe da yashi da ruwa, sannan wajen ƙarshen shekarun 1970 igiya mai ƙwayoyin daimon ta shigo. Ita tana fitar da dutse ne sumul ba tare da ta girgiza na kusa da shi ba.

Kuma ko gwanaye dutse yana ba su kunya. A Aswan ta Masar akwai wani dogon ginshiƙi da mutanen zamanin Fir'auna suka fara sassaƙawa daga jikin giranit, tsawonsa kusan mita 42, nauyinsa da ya haura tan 1,000. Da ƙwallayen wani dutse mai tauri suka riƙa daka gefensa. Tsaga ta bayyana a jikinsa, suka bar shi a nan, har yau yana kwance manne da uwar dutsen.

Dakta Zainab:
Malam Nura, maganar "ka sa giranda ka wuce" ita ta sa na shigo. Ku yi haƙuri zan tsawaita. Yankan dutse a bushe yana tayar da ƙurar sinadarin silika da ke cikin dutsen, wadda ƙanƙantarta ta wuce ido ya gani. Tana wucewa can ƙarshen huhu, jiki ba ya iya fitar da ita, sai wurin ya yi tabo ya ƙandare. Ba ta da maganin warkewa, kuma tana ci gaba ko bayan mutum ya bar aikin. Tana kuma buɗe ƙofa ga tarin fuka da sankarar huhu. Abin da yake ci mini rai shi ne masu ita yawanci matasa ne masu ƙarfi, sai numfashi ya fara gaza musu a hawan bene sannan su zo.

Ba sabon abu ba ne. A 1930 aka fara haƙa ramin ruwa na Hawks Nest a jihar West Virginia ta Amurka, aka huda dutse mai yawan silika a bushe, ma'aikata ɗaruruwa suka mutu cikin 'yan shekaru. A zamaninmu kuma ga dutsen haɗi da ake shimfiɗawa a kan kantar kicin, wanda silikar cikinsa kan wuce kashi 90 cikin 100. Ya kwantar da masu yanka shi har Ostareliya ta haramta shi daga 1 ga Yuli, 2024, ita ce ƙasa ta farko da ta yi haka. Giranit, dutsen yashi, kankare, bulo da tayil duk suna da silika. Mabul na asali ne mai kaɗan.

Nura Mai Tayil:
Subhanallah. Dakta ni kullum ina ɗaura ƙyalle a hanci. Bai isa ba?

Dakta Zainab:
Bai isa ba ko kaɗan, ƙurar tana ratsa ƙyalle. Abu na farko ruwa ne: ya riƙa zuba a kan faifan a daidai lokacin da yake yanka, ba a jiƙa dutsen sau ɗaya a ci gaba ba. Na biyu takunkumi mai matata, irin N95 ko wanda ya fi shi, ya kama fuska ba rata. Yi aikin a fili, iska tana kwashe ƙurar daga gare ka. In ka daɗe kana yi a bushe, je a ɗauki hoton ƙirjinka ko da ba ka tari.

Malam Isiyaku Mai Fasa Dutse:
Ruwan ma yana taimakon faifan, yana sanyaya shi ya daɗe bai cinye ba. Sai dai Nura ka kula, girandar hannu ta lantarki ba a yi ta don ruwa ba. Nemi injin yankan tayil da aka ƙera da tankinsa, kada ka gudu daga ƙura ka faɗa wa wuta.

Nura Mai Tayil:
To caɓin da yake taruwa a ƙasa bayan an gama fa?

Dakta Zainab:
Kwashe shi tun yana jiƙe. In ya bushe ya koma ƙurar da ka guje wa, tsintsiya kuma sai ta tayar da ita. Tufafin aikinka ma kada ka kakkaɓe su a cikin gida kusa da yara, cire su a wurin aiki ka jiƙa su kafin wanki.